Ɓargon Haƙori da Dasashi: Daga Ina Cutar Ta Faro, Wanne Kuma Za A Fara Yi Wa Magani?

Tsakure

Maƙalar nan ta duba yadda cutar da ta kama ɓargon haƙori ke ratsowa ta ɓata dasashi da ƙashin da ke riƙe da saiwa, da yadda ciwon dasashi ke komawa ya taɓa ɓargo. An bi hanyoyin da suka haɗa sassan biyu, an waiwayi binciken da aka yi tun daga shekarun 1960, an kuma gwada rabe-raben 1972 da na 2017. Matsayin maƙalar shi ne hanyoyin biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Mataccen ɓargo yana ɓata dasashi cikin sauƙi, amma ciwon dasashi ba kasafai yake kashe ɓargo ba sai ya gangara har ƙarshen saiwa. Saboda haka gwajin ran ɓargo ne ya kamata ya riga kowane magani.

Gabatarwa



A makarantun likitancin haƙori an raba kula da ɓargo da dasashi gida biyu. Sashe ɗaya yana kula da cikin haƙori, wato ɓargon nan mai jini da jijiyoyi wanda marasa lafiya ke kira jijiyar haƙori. Ɗaya sashen kuma yana kula da abin da ke riƙe da haƙorin ta waje: dasashi, zaren da ya ɗaure saiwa da ƙashi, siririn ɓawon saiwa da ake kira simentum, da ƙashin gurbin haƙori. Ɗalibi yakan ci jarabawar kowanne daban, sai ya fito aiki ya tarar da haƙori guda mai girgiɗi, dasashinsa na fitar da mugunya, hoto ya nuna ƙashi ya zaizaye tun daga wuya har ƙarshen saiwa, ya rasa a wane sashen zai ajiye shi.

Abin ba ƙarami ba ne idan aka dubi yawan cututtukan biyu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa cututtukan baki suna damun kusan mutum biliyan 3.5. Kimanin biliyan 2 suna da ruɓewar haƙoran girma da ba a yi wa magani ba, sannan matsanancin ciwon dasashi ya kama kusan kashi 19 cikin ɗari na manya, sama da mutum biliyan 1 ke nan. Cututtukan da suka yaɗu haka dole su riƙa haɗuwa a baki ɗaya, wani lokaci ma a haƙori ɗaya.

Hanyoyin da suka haɗa ciki da waje

Tun haƙori na ƙunshe cikin muƙamuƙi, ɓargo da naman da zai riƙe saiwa daga tushe guda suke fitowa. Dunƙulen da ke tsakiya ya zama ɓargo, jakar da ta kewaye shi ta zama simentum da zaren riƙo da ƙashin gurbi. Yayin da saiwa ke tsawo, wani siririn mayafin ƙwayoyin halitta mai ɗauke da sunan Hertwig ne ke fitar da siffarta. Duk inda mayafin ya tsage, ko ya ci karo da jijiyar jini ya kewaye ta, nan za a bar 'yar huda wadda ba za ta toshe ba.

Babbar ƙofa ita ce hudar ƙarshen saiwa, inda jini da jijiya ke shiga haƙori. Bayanta sai ƙananan magudanan gefe. De Deus, wani mai bincike ɗan Burazil, ya duba haƙora 1,140 a 1975, ya sami irin waɗannan magudanai a kashi 27.4 cikin ɗari. Abin lura shi ne inda suka taru: kashi 17 a sulusin ƙarshen saiwa, kashi 8.8 a tsakiya, kashi 1.6 kacal a sulusin da ke kusa da wuyan haƙori. Ciwon dasashi daga wuya yake farawa, wato daga inda magudanan suka fi ƙaranci, don haka sai ya yi nisa ƙwarai kafin ya iske mafi yawansu. Turame ne suka fita daban, domin Gutmann a 1978 ya sami magudanai a marabar saiwoyi a kimanin kashi 28 cikin ɗari na turamen da ya duba, marabar kuwa ba ta da nisa da bakin dasashi. Shi ya sa mataccen turmi kan nuna duhu a tsakanin saiwoyinsa a hoto alhali ƙarshen saiwoyin bai nuna komai ba tukuna.

Hanya ta uku ita ce ƙananan bututun dantin, wato jikin haƙorin da ya kewaye ɓargo, dubbai a kowane murabba'in milimita, kowanne faɗinsa bai wuce maikuron 1 zuwa 3 ba, amma ya ishi bakteriya wucewa. Simentum ne ya rufe bakinsu. Idan aka kankare shi wajen wankin saiwa, ko buroshi mai tauri ya cinye shi, ko kuwa tun asali bai haɗu da farin ɓawon haƙori a wuya ba, kamar yadda ake samu a wasu haƙoran, to bututun sun buɗe. Adriaens da abokansa sun nuna a 1988 cewa bakteriya na shiga dantin na saiwar haƙoran da ke da ciwon dasashi su fake a ciki.

Akwai kuma hanyoyin da ba na kowa ba ne. Wasu haƙoran sama na gaba, musamman na biyu daga tsakiya, suna zuwa da tsagi ta ɓangaren ganɗa wanda ya gangara bisa saiwa, datti ya bi shi ya sauka. Saiwa takan tsage a tsaye. Wani lokaci kuma mu likitoci da kanmu muke huda saiwa ko ƙasan ɗakin ɓargo garin neman bakin magudana.

Wanne ya fi cutar da wani?

Simring da Goldberg ne a 1964 suka fito da wannan dangantaka fili a rubuce. Shekara guda bayan haka Kakehashi da Stanley da Fitzgerald suka yi gwajin da har yau ake kafa hujja da shi. Sun buɗe ɓargon haƙoran ɓeraye iri biyu, na gama-gari da waɗanda aka raina ba tare da ƙwayar cuta ko ɗaya a jikinsu ba. Ɓargon na gama-garin ya mutu, ƙurji ya fito a ƙarshen saiwa. Na ɗaya rukunin kuwa ya warke, har sabon dantin ya rufe wurin, duk da abinci na cusuwa a ramin. Rauni shi kaɗai ba ya kashe ɓargo ke nan, sai da bakteriya. Bakteriyar da ake samu a matacciyar magudana da wadda ke cikin aljihun dasashi mai zurfi, wato ramin da ciwo ke buɗewa tsakanin dasashi da saiwa, kuma kusan dangi ɗaya ne, masu rayuwa inda babu iska: Porphyromonas gingivalis, Fusobacterium nucleatum, Prevotella intermedia, Treponema denticola da makamantansu.

Daga ciki zuwa waje babu gardama. Idan ɓargo ya mutu, jini ya daina shiga, sojojin jiki ba su da hanyar isa wurin, magudanar ta zama matattarar bakteriya. Dafinsu yana fita ta ƙarshen saiwa ko ta magudanan gefe, ƙashi ya narke, mugunya ta nemi mafita. Galibi takan huda ƙashi ta ɓullo a gefen dasashi. Wani lokaci kuma sai ta bi zaren riƙo ta hauro, ta fito ta bakin dasashi a wuyan haƙori. Wanda ya zura tsinken awo a daidai nan zai rantse ciwon dasashi ne, alhali hanyar fitar mugunya ce kawai. Ko a bakin da ke da ciwon dasashi na gaske, mataccen ɓargo yana ƙara dagula al'amari. Jansson da Ehnevid da abokansu a Suwidin sun nuna a farkon shekarun 1990 cewa haƙoran da ke da cuta a ƙarshen saiwa sun fi zurfin aljihu da zaizayar ƙashi, kuma ba sa warkewa yadda ya kamata bayan wankin saiwa.

Daga waje zuwa ciki ne aka daɗe ana ja-in-ja. Seltzer da Bender da Ziontz a 1963 sun ga kumburi da ƙanƙancewa a ɓargon haƙoran da dasashinsu ya lalace. Mazur da Massler a 1964, sannan Czarnecki da Schilder a 1979, suka ce ba su ga alaƙa tsakanin tsananin ciwon dasashi da halin ɓargo ba, don haka ba za a ɗora wa ciwon dasashi laifin ba. A ganina Langeland da Rodrigues da Dowden ne suka fi kusa da gaskiya a 1974. Sun nuna ɓargo na iya yin kumburi nan da can, ya tara ƙananan duwatsu, amma ba ya rushewa gaba ɗaya sai dattin bakteriya ya kai babbar hudar ƙarshen saiwa. Dalilin a fili yake: muddin babbar jijiyar jini na aiki, ɓargo na iya kare kansa, ya toshe bututun da ke fuskantar cutar da sabon dantin. Duk wanda ya yi aiki a asibitin haƙori ya ga dattijon da saiwoyinsa suka fito fili rabi da rabi, haƙorin na rawa, amma da an ɗora masa sanyi sai ya zabura.

Rabe-raben 1972 da na 2017

Simon da Glick da Frank ne a 1972 suka kawo rabon da aka fi koyarwa, gida biyar bisa ga inda cutar ta faro: ta ɓargo zalla, ta ɓargo wadda daga baya ta jawo ciwon dasashi, ta dasashi zalla, ta dasashi wadda ta kashe ɓargo, sai kuma wadda kowacce ta taso da kanta suka haɗu a tsakiyar saiwa. Rabon yana da daɗin koyarwa. Inda gizo ke saƙa shi ne yana bukatar tarihi, likita kuwa ba ya nan lokacin da abin ya faro. Idan ɓargo ya mutu, aljihu ya yi faɗi, tsatsa, wato daskararren datti, ta kama saiwa, gida uku daga cikin biyar kamanninsu ɗaya ne.

A watan Nuwamba 2017 ƙungiyar likitocin dasashi ta Amurka da takwararta ta Turai suka yi taron haɗin gwiwa a Shikago, aka buga sakamakonsa a 2018, Herrera da abokansa suka rubuta ɓangaren da ya shafe mu. Sun ajiye tambayar wanne ya riga wani, suka kama abin da ido da tsinken awo za su iya tabbatarwa a yau. Tambayar farko: saiwar ta sami lahani, wato tsagewa, huda ko zaizaya daga waje? Idan babu, mai haƙorin yana da ciwon dasashi a sauran bakinsa ko kuwa wannan haƙorin ne kaɗai? Sannan a ba shi mataki: na 1, aljihu mai zurfi siriri a fuska ɗaya ta haƙori, na 2, mai zurfi da faɗi a fuska ɗaya, na 3, aljihu mai zurfi a fuska fiye da ɗaya.

Ina ganin wannan rabon ya fi dacewa da mu. Mai ciwon haƙori a ƙasar Hausa ba ya zuwa da wuri. Ya cusa kanumfari a ramin, ya kurkure da ruwan gishiri, ya sayi amoksisilin da filajil a kemis, ciwon ya lafa ya dawo ya sake lafawa. Ranar da zai zo asibiti, ba ya tuna ko zafin shayi ne ya fara damunsa ko jinin dasashi. Babu tsohon hoto, babu tsohon kati. Rabon da ya dogara ga tarihi ba zai yi wa irin wannan mutum amfani ba.

Gano asalin cutar a kan kujera

Mu ɗauki misalin da kowane likitan haƙori ya saba gani. Magidanci ne ya haura hamsin, turminsa na farko na ƙasa yana da tsohon ciko babba, dasashin gefen kunci ya kumbura, in an danna mugunya ta fito ta wuyan haƙorin. Yana zama sai ya ce, "Likita, a cire shi kawai in huta." Amsar da ta dace ita ce, "Baba, bari mu gwada shi tukuna, in na cirewa ne ba zan ɓoye maka ba."

Sai a ɗauki tsinken awo mai zanen milimita. Lafiyayyen dasashi zurfinsa milimita 1 zuwa 3 ne. Awon wurare shida da aka saba yi bai isa a nan ba, sai an taka da tsinken a kewaye haƙorin milimita bayan milimita, domin siririn aljihu yana iya ɓuya tsakanin awo biyu. Ana cikin samun 2, 3, 2, sai tsinken ya zurma zuwa 10, a matsa gaba kaɗan ya dawo 3. Wannan zurmawar ta farat ɗaya ba halin ciwon dasashi ba ce. Ciwon dasashi a hankali yake gangarawa, 4, 5, 7, 8, 6, aljihunsa mai faɗi ne a sama, akwai tsatsa a jikin saiwa, kuma da wuya a same shi a haƙori ɗaya tak. Siririn aljihu mai zurfi abu biyu yake nunawa: ko mugunya ce daga mataccen ɓargo, ko saiwa ta tsage.

Daga nan sai gwajin sanyi. A busar da haƙorin, a fesa maganin sanyi a ɗan ƙullin auduga, a fara ɗorawa a lafiyayyen haƙori na ɗaya gefen don mutum ya san abin da ake tambayarsa, sannan a zo kan wanda ake zargi. Mai rai yana amsawa nan take, zafin ya wuce cikin daƙiƙoƙi. Matacce shiru. Inda babu abin fesawa, siririn sandan ƙanƙara da aka daskarar a murfin allura yana yin aikin, in dai an kula ruwan bai gangara kan maƙwabcin haƙori ba. Gwajin yana da iyakarsa. Jijiya yake aunawa, ba gudun jini ba. Turmi mai saiwa biyu ko uku yana iya amsawa alhali magudana ɗaya ta mutu, haƙorin tsoho kuma wanda magudanarsa ta ƙuntace yana iya yin shiru alhali da ransa. Don haka a haɗa shi da gwajin lantarki idan akwai na'urar, da ƙwanƙwasawa, da duban ciko da rami.

Kafin a ɗauki hoto, a zura siririn tsinken gataparca a hanyar mugunyar har ya tsaya da kansa. A hoton za a ga inda kansa ya nufa. Idan ya miƙe zuwa ƙarshen saiwa, daga ciki cutar take. Idan ya tsaya a tsakiyar saiwa, a yi tunanin magudanar gefe ko tsagewa. Kada dai a ba hoto amanar da ta fi ƙarfinsa. Bender da Seltzer sun nuna tun 1961 cewa ramin da ke cikin lallausan ƙashi ba ya fitowa a hoto sai ya fara cin ƙaƙƙarfan bangon ƙashin. Na'urar hoto mai fuska uku tana nuna abin da wannan ya ɓoye, sai dai ba kowane gari ke da ita ba, ba kuma kowa ne zai iya biyan kuɗinta ba. Tsinken awo da auduga mai sanyi kuwa babu asibitin da zai ce sun gagare shi.

A tambayi mutum ciwon suga da shan taba. Taron 2017 ya sa mai shan kara 10 ko fiye a rana, da mai ciwon sugan da awon HbA1c nasa ya kai kashi 7 ko ya haura, cikin waɗanda ciwon dasashinsu ya fi saurin ci. A irin wannan bakin duk wani alkawarin warkewa sai an rage masa ƙarfi.

Tsarin magani

Idan ɓargo na da rai, ciwon dasashi ne, a yi masa maganinsa, kada a taɓa magudana. Buɗe lafiyayyen ɓargo don kawai aljihu ya yi zurfi ɓarna ce.

Idan ɓargo ya mutu, magudana ake farawa da ita, ko da aljihun ya kai ƙarshen saiwa. A killace haƙorin da roba, a buɗe, a share magudanan, a wanke da sodiyam haifokulorait, a zuba kalsiyam haidurokusaid a rufe, a cike a zama na gaba. Abin da ya fi wuya shi ne kame hannu daga kankare saiwar a wannan lokaci. Inda mugunya ta bi ta wuce, simentum da guntayen zaren riƙo suna nan da ransu a jikin saiwa, su ne za su sake ɗaure haƙorin da ƙashi da zarar dafin ya daina fitowa. Wanda ya sa ƙarfe ya kankare su ya mayar da hanyar mugunya aljihu na dindindin da hannunsa, ya kuma buɗe bututun dantin. A cire tsatsar da ke sama, a gyara wa mutum yadda yake goge baki, da buroshi ne ko da asuwaki, sannan a jira wata biyu zuwa uku a sake awo. Abin da ya rufe a wannan tsakani na ɓargo ne. Abin da ya rage shi ne ainihin rabon dasashi, shi za a yi wa wankin saiwa, in ta kama a yi tiyata, har da dashen ƙashi ko shimfiɗa tantanin da ke ba zaren riƙo damar sake tsirowa inda siffar ramin ta ba da hali.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta na sha ba ya isa cikin matacciyar magudana, tunda jinin da zai kai shi ba ya zuwa. Yana kwantar da kumburi na 'yan makonni, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Wurinsa shi ne inda cutar ta fara yaɗuwa: zazzaɓi, kumburin da ya sauka ƙarƙashin haɓa ko ya hau wajen ido, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiya ta yi wuya. Wannan kuwa ba na jira ba ne, domin kumburin ƙarƙashin harshe daga turamen ƙasa yana iya toshe numfashi.

Cutar ɓargo zalla tana warkewa sarai, ƙashin da ya narke ya dawo. Inda cututtukan biyu suka haɗu da gaske, makomar haƙorin tana hannun dasashi, wato yawan ƙashin da ya saura, komai kyan aikin magudana. Wannan ya kamata a faɗa wa mutum kafin ya biya kuɗin aikin, ba bayan ya biya ba. A turmi, idan saiwa ɗaya ce ta lalace, ana iya yanke ta a bar sauran, ko a raba turmin ƙasa biyu a cire rabin da ya mutu. Hudar da aka yi garin aiki ana toshe ta da wani sinadari mai suna MTA, wanda Torabinejad da abokansa suka samar a jami'ar Loma Linda a shekarun 1990, kuma gwargwadon saurin toshewa da nisan hudar daga bakin dasashi, gwargwadon nasara.

Saura saiwar da ta tsage a tsaye. An fi samunta a haƙorin da aka riga aka yi wa aikin magudana, musamman mai ƙusa a ciki. Alamarta siririn aljihu ne, wani lokaci biyu masu fuskantar juna ta gefen kunci da gefen harshe, hanyar mugunya kusa da wuyan haƙori, da duhu a hoto wanda ya zagaye ƙarshen saiwa ya hauro gefe ɗaya da siffar harafin J. Idan an yi aikin magudana mai kyau, wata uku ya wuce, siririn aljihun yana nan yadda yake, a ɗaga dasashin a duba saiwar da ido, a shafa mata shuɗin rini don tsagin ya fito. In ya tabbata, sake wanke magudana ba zai yi komai ba. Haƙori mai saiwa ɗaya cire shi za a yi, turmi kuma a yanke saiwar da ta tsage idan sauran za su iya ɗaukar tauna. A yi shi da wuri, domin kowane watan da aka ƙara yana cin ƙashin da za a bukata in an zo sa wa mutum wani haƙorin a gurbin.